IGIYA A KAN HANYA: SHIN MAI TAFIYA DA ƘAFA ZAI BIYA KUƊIN TURBA?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka.

Akwai wata muhawara da ta daɗe ana yi a ƙasashen Turai da Amurka, a kan mutanen da suke tattaki cikin daji da hawan duwatsu domin motsa jiki da buɗe ido: shin ya kamata su yanki lasisi, ko su biya wani haraji, kafin a bar su su bi turbobin da hukuma ke kula da su? Da a ce maganar ta tsaya a can, da ba ni da abin cewa. To amma ga shi ta iso mana ta intanet, har wasu matasanmu sun ɗauke ta da zafinta. Sai ka ji ɗan'uwa yana cewa jihohinmu ba su da kuɗin shiga, don haka a sa ƙofa da tikiti a kan duwatsu da wuraren tarihi, a yi wa burtali rajista, duk mai bin hanya ya biya kamar yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Babu wata doka makamanciyar wannan da aka kafa a Jihar Sakkwato, ra'ayi ne kawai ke yawo a bakin samari, amma samarin yau su ne kansilolin gobe da shugabannin ƙananan hukumomi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Matsayina a fili yake, ya kai mai karatu: wanda ya taka ƙasa da ƙafarsa a kan hanyar jama'a, babu mai bin sa ko sisin kwabo. Ana biyan lada a kan aikin da aka yi wa mutum. Izinin wucewa kuwa ba haja ba ce da wani zai kasa ya sayar.

Abin da ake yi a ƙasashen da ake kafa hujja da su

Gaskiya ne akwai wuraren da ake biya. A Japan, daga shekarar 2024 aka wajabta wa masu hawan Dutsen Fuji ta hanyar Yoshida biyan yen 2,000, aka kuma ƙayyade adadin masu hawa zuwa mutum 4,000 a rana; a 2025 aka mayar da kuɗin yen 4,000 a dukkan hanyoyin dutsen guda huɗu. A Nefal, takardar izinin hawan Dutsen Ebarest ga baƙo a babban lokacin hawa ta tashi daga dala 11,000 zuwa dala 15,000 a watan Satumbar 2025. A Amurka kuma, tun 1937 akwai dokar da ta ɗora haraji a kan bindigogin farauta da harsasai, ana kashe kuɗin wajen kula da namun daji, shi ya sa maharban ƙasar ke ƙorafin cewa su ke biya, masu tattaki na morewa a banza.

Wannan rabin labarin ke nan, ɗaya rabin kuma ba a cika kawo mana shi ba. A ƙasar Suwidin, kowa na da 'yancin ratsa daji da fili da ƙafa, ko da mallakar wani ne, muddin bai yi ɓarna ba kuma bai kusanci gidan mutane ba. Yankin Sukotilan ya rubuta irin wannan 'yanci a dokarsa a 2003. A Ingila, cikin watan Afrilun 1932, ɗaruruwan ma'aikata suka haye wani tsauni mai suna Kinda Sikawut da gangan, wanda masu ƙasa suka killace domin farautarsu, aka kama wasu aka ɗaure. Wannan gwagwarmaya ce ta yi ta tafiya har aka kai ga dokar shekarar 2000 da ta buɗe wa jama'a tsaunuka da filaye masu yawa kyauta. Saboda haka duk wanda ya ce maka biyan kuɗin turba shi ne alamar ci gaba, to ya zaɓi abin da ya yi masa daɗi ne ya bar saura. Su kansu Turawan, talakawansu sai da suka shiga kurkuku domin a kwance musu igiya daga kan hanya.

Su wa ke bin turbobinmu?

Mai tattakin Japan ya ci ya ƙoshi, ya ɗauki hutu daga wurin aiki, ya sayi takalmi na musamman, sannan ya je neman gajiya da kuɗinsa. In an ce ya biya, zaɓi gare shi: ya biya ko ya zauna gida. Mu duba namu turbobin, a Mandera da sauran ƙauyukan Bodinga da Shagari, mu ga su wa ke bin su. Manomi ne da fartanya a kafaɗa, da Bafillatana mai tallar nono, da yarinyar da aka aika itace, da ɗalibi mai zuwa ɗaukar karatu a garin da ke gaba, da tsoho mai zuwa ta'aziyya, da mai jaki da ya ɗauko gero zuwa kasuwa, da makiyayin da ke kora dabbobinsa zuwa mashaya. A cikinsu babu wanda ya fito shaƙatawa. Larura ce ta fito da kowannensu, kuma wanda larura ta fito da shi ba ya iya cewa ya fasa. Harajin da aka ɗora a kan tafiyar ƙafa a irin wannan wuri yana sauka ne kai tsaye a kan wanda ba shi da abin hawa, wato mafi talaucin mutanen gari.

Za a ce ai masu buɗe ido kaɗai ake nufi. To ta yaya mai riƙe da igiya zai bambance? Yaron da ya hau Dutsen Dala a Kano ko Kufena a Zariya, shaƙatawa ya je ko aike? Wanda ya tako daga ƙauye zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato, ɗan yawon buɗe ido ne ko mai ziyara? Duk inda aka ce sai da lasisi, dole a sami mai tsayar da mutane yana tambayar lasisin, kuma mun san halin ƙasarmu: babban mutum ya wuce cikin mota ana ɗaga masa hannu, mai kwando a ka shi ake tsarewa a rana.

Bambancin lada da maksu

Shari'a ba ta hana a biya mutum ladan aikinsa ba. Mai kwalekwale da ya haye da kai gulbi ya ci kuɗin fitonsa halal, domin jirgi nasa ne, ƙarfi ma nasa ne. Haka ɗan jagora da ya nuna maka hanya a dajin da ba ka sani ba, haka gandun daji irin na Yankari a Jihar Bauchi, inda ake biyan masu gadi, ana kula da namun daji da masaukai. Wannan ijara ce, an san abin da aka saya, an san farashinsa, kuma wanda bai so ba babu mai tilasta shi. Abin da malamai ke kira maksu daban ne: shi ne kuɗin da ake karɓa daga mutane a hanya ko a kasuwa ba da wani haƙƙi ba, don kawai mai karɓa yana da ikon tsarewa. Ya isa tsoratarwa cewa a hadisin matar nan Bagamidiya, wanda Imamu Muslim ya ruwaito, da Manzon Allah (SAW) zai nuna girman tubanta, sai ya auna shi da zunubin mai karɓar maksu. Ba a auna babban tuba da ƙaramin laifi.

Dubi matsayin da Musulunci ya ba matafiyi. A cikin kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, kamar yadda ya zo a aya ta 60 ta Suratut Tauba, akwai matafiyin da guzuri ya yanke masa, ko da mawadaci ne a garinsu. Ke nan a tsarinmu matafiyi shi ke bin al'umma bashi. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa idan aka yi saɓani a kan faɗin hanya, a bar mata kamu bakwai. Kuma kawar da abu mai cutarwa daga hanya sadaka ne, yana ma daga cikin rassan imani. Abu Dawuda ya ruwaito tarayyar Musulmi a cikin ruwa da ciyawa da wuta. Malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa hanyar jama'a ba a sayar da ita, ba a ƙuntata ta da gini ko shuka ta yadda za a cutar da masu wucewa. Idan ƙaya da ta faɗo a hanya ana samun lada da ɗauke ta, to mene ne hukuncin mutumin da ya gitta igiya ya zauna a kan benci yana jiran na goro?

Wani zai kawo ushirin da Sayyidina Umar (RA) ya sa a kan fatake. Wannan a kan dukiyar ciniki aka sa shi, da ƙayyadadden kaso: ɗaya cikin 40 ga Musulmi, wanda zakkarsa ce, ɗaya cikin 20 ga ɗan amana, ɗaya cikin 10 ga baƙon fatake. Ba a karɓe shi a kan jikin mutum ko sawun ƙafarsa ba. Umar ɗin nan ne kuma, da ya killace makiyayar Rabaza domin dabbobin baitulmali, ya umarci mai tsaronta da ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken manyan attajirai, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Dalilinsa shi ne attajiri in dabbobinsa suka halaka yana da gona da dabino, talaka kuwa ba shi da madogara. Wannan shi ne ma'aunin: in an killace wuri, mai rauni ake fara buɗe wa ƙofa.

Tarihin da ke ƙofar gidanmu

Mu mutanen wannan yanki ba mu da uzurin jahiltar wannan mas'ala. A Sifawa, nan kusa da Bodinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (Allah Ya jiƙansa) ya zauna shekaru yana karantarwa da rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. A cikin Kitabul Farƙi, inda aka jera halayen mulkin zalunci na sarakunan wancan zamani, an ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla, an kuma ambaci ɗora wa fatake da sauran matafiya haraji. Waɗannan na cikin abubuwan da aka yi wa'azi a kansu, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, aka zubar da jini. Abin kunya ne jikokin waɗannan bayin Allah su dawo da abin da kakanninsu suka yaƙa, don kawai an sake masa suna an buga masa hatimi.

A can gabas ma an yi irin wannan. A ƙarni na 12 na miladiyya, ana karɓar dinari bakwai da rabi a kan kowane alhaji da ya biyo ta Bahar Maliya, wanda ya kasa biya a azabtar da shi, kamar yadda matafiyin Andalus Ibnu Jubair ya ba da labari. Sarki Salahuddin Al-Ayyubi ya soke wannan kuɗi, ya riƙa aika wa Sarkin Makka dukiya da abinci a madadinsa. Kafin shi, Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta kashe dukiyarta wajen gina rijiyoyi da tafkuna a hanyar Kufa zuwa Makka, hanyar da har yau da sunanta ake kiranta. Su ma sun san hanya na cin kuɗi. Sai dai sun nemo kuɗin daga baitulmali da aljihun masu hali, suka ƙyale matafiyi.

A zamaninmu kuma, gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali a 1979, talakawa na tuna musu da wannan har gobe. Dokar tarayya ta 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta hana kowa, har da hukumar haraji kanta, kafa shinge a hanya domin karɓar haraji. A ƙarshen 2003 gwamnatin Obasanjo ta ba da umarnin rushe ƙofofin karɓar kuɗi a manyan titunan tarayya. Ko da aka dawo da su a titin Abuja zuwa Makurɗi a 2025, a kan motoci aka sa kuɗin, kuma tsarin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2021 ya keɓe kekuna da babura da masu ƙafa uku. Idan mai babur a kan kwalta an ɗauke masa, da wane ido za a dubi mai silifa a kan jar ƙasa a ce ya biya?

Hujjojinsu da amsarsu

Hujja ta farko: hanya na lalacewa, dole wani ya biya. Haka ne. To amma wa ke lalata ta? Tifa ɗaya mai ɗauke da yashi a damina tana yi wa hanyar ƙauye ɓarnar da masu ƙafa ba za su yi mata a shekara ba. Hasali ma turba ƙafa ce ke raya ta, in aka daina bi sai ciyawa ta cinye ta. Adalci shi ne mai ɓarna ya ɗauki nauyin gyara. A ɗora wa mai ƙafa kuɗin ramin da babbar mota ta haƙa, wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujja ta biyu: kuɗin zai samar da tsaro da ceto. Ina ma haka ne. A watan Afrilun 2022, kwalekwale ya kife a gulbin Shagari da mutanen Gidan Magana, aka rasa rayuka 29, mafi yawansu yara da matasa da suka fita neman itace. Allah Ya jiƙansu. Abin da waɗannan yara suka rasa shi ne jirgi mai lafiya, da rigunan ceto, da wanda zai hana a yi lodin da ya wuce ƙima. Duk waɗannan aikin hukuma ne da kuɗin da take karɓa duk wata daga asusun tarayya da sunan waɗannan mutane. Ba a jiran yaro mai neman itace ya yanki tikiti kafin a tsare masa ransa.

Hujja ta uku: malamai sun halatta wa shugaba ya sa haraji idan buƙata ta taso. Gaskiya ne, Imamul Gazali da Imamus Shaɗibi sun yi magana a kai, amma da sharuɗɗa: shugaba ya zama adali, baitulmali ya zama babu komai, buƙatar ta zama ta gaske, a ɗora wa mawadata gwargwadon hali, a daina idan buƙatar ta kau. Lokacin da Sarki Ƙuɗuz na Masar ya so tara kuɗin yaƙar Tattar, gab da yaƙin Ainu Jalut na 1260, Shehun malami Izzuddin ɗan Abdussalam ya ce masa sai an fara ƙarar da abin da ke baitulmali, manyan mayaƙa sun sayar da kayan adonsu na zinari sun zama daidai da sauran jama'a, sannan a taɓa talaka. Wannan fa maƙiyi na bakin ƙofa ke nan. Duk mai son kafa hujja da wannan fatawa, to ya fara da sharuɗɗanta.

Akwai kuma abin da ya kamata ya sa mu yi hattara fiye da kowa. A gabashin Sakkwato da Zamfara, shekarun nan an ga 'yan bindiga na ɗora wa ƙauyuka kuɗi kafin a bar su su je gona ko su yi girbi. Kowa ya yarda wannan zalunci ne tsantsa, domin an sayar wa mutum izinin taka ƙasarsa. Hukumar halal tana bambanta da ɗan ta'adda ne da cewa ita buɗe hanya take yi. Kada mu saba wa jama'ar da ke cikin wannan hali da tunanin cewa wucewa abin saye ne, ana kukan targaɗe mu ƙara musu karaya.

To wa zai gyara?

Na farko hukuma, domin hanyoyin karkara na cikin ayyukan da tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Matashin da ke da intanet a hannu, maimakon ya ƙirƙiro wa talaka sabon haraji, ya tambayi nawa ya shigo ƙaramar hukumarsa a watan jiya, kwalbati nawa aka gina da shi. Na biyu masu manyan motoci da masu haƙar yashi da dutse, a karɓa daga gare su a ofis da rasit, ba a bakin hanya ba. Na uku wakafi: attajirin da ke neman sadaka mai gudana, ga gada, ga rijiya a bakin burtali, ga rigunan ceto ga masu fito. Na huɗu aikin gayya, wanda da shi iyayenmu suka riƙa cike zaizaya da share turba kafin damina. Sannan manomin da ya cinye burtali da garmarsa ya ji tsoron Allah ya mayar, domin dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ba ta hana a cinye labi da mashaya a wurare da yawa ba, kuma mun ga irin fitinar da hakan ya haifar.

Idan kuma wata rana aka gyara wani wurin tarihi, kamar kufan Surame ko na Alkalawa, aka sa masu jagora da masu gadi da ruwan sha da makewayi, babu laifi baƙo ya biya ladan wannan hidima, da sharaɗin a rubuta farashi a fili, a ba da rasit, a bayyana inda kuɗin ya tafi, kuma kada a tsare ɗan gari ko ɗalibi ko mai wucewa zuwa gonarsa.

Kammalawa

Ya ɗan'uwana matashi, duk lokacin da aka kawo maka shawarar sabon kuɗi, yi tambaya biyu kafin ka yaɗa ta: me aka sayar wa mai biyan, kuma wa zai fi jin zafin biyan? In amsar ta farko ita ce izinin wucewa, ta biyun kuma ita ce talaka, to maksu ne ko da an buga shi da kwamfuta. Wanda kuma aka ba aikin riƙe igiya a hanya, ya sani cewa uzurin "aiko ni aka yi" ba zai ɗauke masa haƙƙin tsohuwar da ya tsare a rana ba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya amintar da hanyoyinmu, Ya tsare mu daga cin dukiyar mutane da ɓarna. Allah Shi ne Mafi sani.